Idan Hanya Ta Kawo Ka Bauchi: Yadda Ake Zaɓen Masauki Kafin A Biya Kuɗi



Ni haifaffen Sabo ne. Mahaifina fataucin shanu yake yi, a kasuwar Akinyele yake saukewa. Tun da na gama sakandare ya fara aikena Arewa sayo kaya, yau ga shi zaman Bauchi ya fi mini yawa a kan zaman gida. Saboda haka kusan duk mako sai wayata ta yi ƙara: "Kai, ina shigowa Bauchi jibi, a ina zan kwana?" Wani ɗaurin aure ya kawo shi, wani ya kawo mara lafiya asibiti, wani ɗansa ya samu gurbin karatu, wani kuma irina ne, kuɗin mutane ne a jikinsa. Na ga gara in rubuta abin da nake gaya musu a wuri ɗaya, kowa ya karanta ya huta da tambaya.

Abin da zan faɗa a taƙaice shi ne: masauki ana zaɓensa ne da abin da ya kawo ka gari, sannan ana duba shi da ido kafin a biya. Hoton da ka gani a waya da maganar mai keke ba su isa ba.

Da can fatoma ne, yanzu kai ne fatoman kanka

Duk wanda ya tashi a gidan fatake ya san fatoma. A Sabo, baƙo ya taso daga Arewa da shanu ko zai sayi goro, ba ya neman otal. Gidan maigidansa yake sauka. Maigidan ne zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ɗauki shanu bashi. In wani abu ya ɓata a gidan, mutuncin maigida ne ya zube, don haka ba ya bari ya ɓata. Ba a biyan kuɗin ɗaki, la'adar ciniki ce ke biya.

Haka iyayenmu su ma suke samu idan sun zo Arewa. Amma mu 'ya'yan da aka haifa a Kudu, da yawanmu ba mu da wannan zauren. Tsofaffin da suka san iyayenmu sun rasu, gidajen an raba gado, wanda ya rage kuma ɗakunansa ba su ishi iyalinsa ba. Ko akwai dangi, wani lokacin kunya ba ta barin ka buga musu ƙofa ƙarfe ɗayan dare. Shi ya sa muka koma ƙananan otal da gidajen saukar baƙi. To amma otal ba fatoma ba ne. Ɗaki kawai yake sayar maka. Sauran aikin fatoma, wato tsaron kuɗinka da sanin waɗanda kake kwana kusa da su da kai ka kasuwa a kan lokaci, duk ya dawo wuyanka.

Daren da na koyi karatun

Makonni kaɗan kafin Babbar Sallah ta 2022, wadda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira Ileya, Baba ya aiko ni sayen bijimai. Shi ne karo na farko da na zo ni kaɗai. Kuɗin a hannu suke, na ɗaure a jaka, domin masu shanu da yawa a ƙauye a lokacin ba sa yarda da tiransifa. Motarmu ta lalace bayan Akwanga, ba mu shigo Bauchi ba sai da dare ya raba, ga ruwan sama.

Na tari mai keke na ce, "Malam, kai ni masauki mai sauƙin kuɗi." Ya ce in bar masa komai. Ya yi ta kutsawa da ni lunguna har muka tsaya a wani gida. Na biya kafin in ga ɗaki, don na gaji. Ina shiga na ga sakatar ƙofar a karye, kwaɗon kuma ko yaro ya girgiza zai buɗe. Na koma wurin mai karɓar baƙi, ya ce sauran ɗakunan sun cika, kuɗi kuma in sun shiga ba sa fita. A ɗakin da ke gefena ana ta shiga ana fita, kiɗa bai tsaya ba. Wallahi a zaune na kwana, bayana a jikin ƙofa, jakar a ƙarƙashina. Sai gab da asuba barci ya sace ni. Na farka rana ta fito, famfo babu ko ɗigo, kuma ashe ina can wani gefen gari, nesa da inda zan hau motar kasuwa. Kafin in isa, manyan bijimai duk an yi cinikinsu. Na sayi abin da ya saura da tsada.

Kuɗin ba su ɓata ba, Allah Ya tsare. Amma da na kira Baba na ba shi labari, shiru ya yi, sannan ya ce, "Ka yi tsimin kuɗin ɗaki, ka yi asarar kuɗin sa." Tun daga ranar ban ƙara biyan ɗakin da ban gani ba. Daga baya na gane mai keken ma yana da ɗan kamashonsa a duk baƙon da ya kai.

Ka fara sanin yadda garin yake

Baƙo ko da idonsa makaho ne, don haka bari in zana maka garin a taƙaice. Bauchi kashi uku ce.

Akwai cikin gari, tsohon birnin da Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon shekarun 1800 ya kewaye da ganuwa. Har yau sunayen ƙofofin ne ake kwatance da su: Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Wase, Ƙofar Idi, Ƙofar Dumi da sauransu. Nan fadar Sarki take da babban masallaci. Gidajen gado ne da unguwannin da kowa ya san kowa, masaukin kuɗi bai yi yawa a ciki ba. In ɗaurin aure ya kawo ka cikin gari, ka nemi ɗaki a gefen Wunti ko wajen ganuwa kaɗan, ka shigo da keke.

Akwai GRA, unguwar da ta samo asali tun bayan zuwan Turawa a 1902, da sabuwar GRA da ta biyo baya. Tituna masu faɗi, itatuwa, shiru. Gidajen saukar baƙi da yawa a nan gidajen zama ne aka mayar da su masauki. Sun fi tsada, kuma da dare samun keke da abinci yana wahala, amma barci ya fi daɗi.

Sai kuma unguwannin da suka bi manyan hanyoyi biyar da ke fita daga gari. Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci ga baƙo:

Hanyar Jos. Mu mutanen Kudu ta nan muke shigowa, ko daga Legas da Ibadan ta Lakwaja da Abuja, ko daga Gabas ta Makurɗi da Lafiya. Daga Jos zuwa Bauchi kusan kilomita 130 ne. A kan hanyar doguwar otal ɗin Zaranda take, ita ce alamar ka shigo gari. In kwana ɗaya za ka yi ka juya, ko kasuwar Nabardo za ka, ka sauka a wannan gefen.

Hanyar Dass. Nan Yalwa take da tsohon mazaunin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Gwallameji inda kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya take. Unguwannin ɗalibai ne, kowace ƙabila akwai, ɗakuna da abinci da sauƙi, amma akwai hayaniya. Ta wannan hanyar ake zuwa kasuwar shanu ta Mararrabar Liman Katagum.

Hanyar Ningi zuwa Kano. Nan sabon mazaunin jami'a na Gubi yake, da filin jirgin sama a Durum. Iyaye su kula: ka tambayi yaronka a wane mazauni sashensa yake, Yalwa ko Gubi, domin ɗaya yana kudu da gari ɗaya yana arewa. Na ga wanda ya kama ɗaki a Yalwa kwana uku yana ratsa gari kullum zuwa Gubi, kuɗin mota ya cinye rangwamen ɗakin.

Hanyar Maiduguri, daga shataletalen Awala. Ita ke kai ka Soro da Darazo har Potiskum, babbar kasuwar shanun da duk ɗan Kara ya sani.

Hanyar Gombe. Ita ke kai ka Alkaleri, kuma a Dindima ake karkatawa zuwa Yankari. Masu zuwa yawon buɗe ido su sani, Yankari ta fi kilomita 100 daga gari. In kana son ganin namun daji da sassafe ka yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, gara ka kwana a can cikin gandun, akwai ɗakuna.

Ka ga ke nan tambayar farko ba "nawa ne ɗaki" ba ce. Tambayar ita ce: gobe da safe ina za ni, kuma ƙarfe nawa? In kasuwa za ka da asuba, ka kwana a bakin hanyar da motar za ta bi. In mara lafiya ka kawo asibitin koyarwa, ka nemi inda za ka iya isa da ƙafa ko keke ɗaya, domin kiran dare ba ya sallama.

Abubuwa biyar da za ka duba da idonka

Gani ya kori ji. Ka ce wa mai karɓar baƙi, "Malam, don Allah a nuna mini ɗakin tukuna." Masauki na gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce sai ka biya kafin ka gani, ka yi masa sallama.

Na ɗaya, ƙofa. Ka rufe ta daga ciki ka ja da ƙarfi. Akwai sakata ban da makulli? Tagar tana da ƙarfe? In akwai wata ƙofa da ta haɗa ɗakinka da na gefe, ka tabbatar daga ɓangarenka ake kulle ta.

Na biyu, ruwa. Ka buɗe famfon banɗaki da hannunka, ka danna na masai. Ruwan gwamnati a Bauchi daga madatsar Gubi yake zuwa, ba kowace unguwa yake kaiwa kullum ba, don haka yawancin masaukai da rijiyar burtsatse da tanki suke dogara. Tankin kuma sai da wuta ake cika shi. In ka ga bokiti biyu cike an jera a banɗaki, ka gane saƙon: famfon ba abin dogaro ba ne. Wannan ba laifi ba ne in kuɗin ɗakin ya yi daidai da haka, amma ka sani kafin ka biya. Ka duba akwai buta.

Na uku, wuta. Bauchi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos, kuma kamar ko'ina, a kawo a ɗauke ne. Kada ka tambaya "akwai wuta?" domin amsar kullum "akwai" ce. Ka tambaya, "Ƙarfe nawa kuke tayar da janareto, ƙarfe nawa kuke kashewa?" Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ƙananan masaukai da yawa sun rage awannin inji. Wasu sun sa sola, amma sola ɗin na iya ɗaukar fanka da ƙwai da cajin waya kawai, ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Kada ka biya kuɗin ɗaki mai AC alhali AC ɗin sai an kawo wutar NEPA yake aiki. Ka sa cajarka a soket ka gani ko yana kamawa.

Na huɗu, gado. Ka ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin katifa da fitilar wayarka. In ka ga ɗigo-ɗigon baƙi ko jini busasshe, kuɗin cizo ne. Ba kwana ɗaya kawai za su hana ka ba, a jakarka za su bi ka har Ibadan.

Na biyar, mutanen gidan. Wannan ba a tambayarsa, kallo ake yi. Akwai maigadi a bakin ƙofa? Ana rubuta sunan baƙo a littafi, ana neman katin shaida? Wasu suna jin haushi in an ce su kawo kati, ni kuwa daɗi nake ji, domin wanda ya tambaye ni ya tambayi na ɗakin gefe. Gidan da ake ba da ɗaki na awa ɗaya ko biyu, mutane na shiga suna fita ba a rubuta kowa, ba wurin mai ɗauke da amana ba ne. Kuma kada a manta Bauchi jiha ce mai shari'ar Musulunci tun 2001, akwai Hisba. Ba ka so a kai samame gidan da ka kwana, ka ɓata safiyar kasuwa kana bayanin kanka.

Maganar kuɗi

Ban sa farashi a nan ba da gangan, domin wanda na rubuta yau kafin ka iso ya canza. Amma ga ƙa'idojin da ba sa canzawa.

Ka biya kwana ɗaya tukuna ko da mako za ka yi. In ka ga wurin ya yi maka, da safe ka nemi manaja ku yi ciniki a kan sauran kwanakin. Mai dogon zama yana samun rangwame, musamman in ba lokacin cunkoso ba ne.

Ka karɓi rasit. In tiransifa za ka yi, ka duba sunan da ya fito a asusun. In sunan mutum ne ba na masaukin ba, ka tambaya, kuma ka sa a rubuta maka a takarda cewa ka biya. Ma'aikacin dare yana tashi da safe, wanda ya canje shi bai san ka ba.

Ka tambayi lokacin fita. Yawanci ƙarfe 12 na rana ne, ko da ƙarfe uku na dare ka shigo. In ka san daga kasuwa sai la'asar za ka dawo, ka kwashe kayanka tun safe ko ku yi magana tun dare.

Kada ka tura kuɗin ɗaki ga wanda ka gani a Facebook ko WhatsApp yana tallan masauki. In dole sai an riƙe maka ɗaki, ka sa wani naka da ke gari ya je ya gani da idonsa.

Ga 'yan'uwana masu sayen dabbobi kuma: tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 mutanen ƙauye da dama sun buɗe asusu, ga masu POS a kasuwanni. Ka bar yawancin kuɗinka a banki, ka ɗauki abin da ba makawa. Kada ka ƙirga kuɗi a gaban kanta. Kada ka tsaya a tsakar gida kana waya da ƙarfi kana cewa tirela nawa za ka loda. Mu 'yan Kudu muna da wannan halin na ɗaga murya a waya, a gida ba komai, a masauki kuwa talla ce. In an tambaye ka me ya kawo ka, "ziyara" ta isa. Kuma ka tura wa wani a gida sunan masaukin da lambar ɗakin kafin ka kwanta.

Lokacin da ka zo ma yana da magana

Wanda ya saba da zafin Legas mai gumi zai sha mamaki. A Disamba da Janairu hunturu a Bauchi ba wasa ba ne. Lokacin ba AC kake nema ba, ruwan zafi da bargo kake nema, da taga mai rufuwa sosai saboda ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne mai tsanani, ɗakin da ba wuta da dare ba ya kwantuwa, kuma ɗakin bene na ƙarshe da rana ta dake shi yini guda ya fi kowanne zafi. Da damina sauro ne, ka duba ragar taga, ka kuma kalli hanyar shiga gidan, kada ruwa ya sauka keke ya kasa shigowa.

Akwai kuma ranakun da ɗakuna ke ƙarewa: Sallah ƙarama da babba saboda hawan Sarki, lokacin yaye ɗalibai ko ɗaukar sababbi, babban taron siyasa ko na addini, da bikin 'ya'yan manya. A irin wannan lokaci kada ka shigo da dare kana fatan sa'a. Ka taso yadda za ka iso da sauran rana. Duk zaɓen da na yi bayani a sama da rana ake yinsa. Wanda ya iso ƙarfe ɗayan dare a gajiye, abin da aka ba shi yake karɓa, kamar yadda na karɓa.

In da iyali ka zo

Bara na kawo ƙanwar mahaifiyata ganin likita, muka yi kwana shida. Abin da na nema daban ne da na ranar kasuwa: ɗakin ƙasa saboda ba ta iya hawa bene, masai na zama, da izinin a kawo mata abinci daga waje ko a ɗumama kunu. Na tambaya tun farko, aka yarda. Wasu wuraren ba sa yarda, sai ka sayi nasu.

In da matarka ka zo, ka faɗa tun a kanta a rubuta ku tare. In mace ce za ta zo ita kaɗai, kamar masu kawo yara makaranta ko masu sarin kaya, ta nemi wurin da ake rubuta baƙi kuma akwai mata ma'aikata, ta karɓi ɗakin da ke kusa da kanta ba na ƙarshen lungu ba. Ka tambayi alƙibla, ka tambayi masallaci mafi kusa. A Bauchi ba ka yin nisa ba ka samu ba. Da safe kuma kada ka tsaya ga shayi da burodin otal. Ka tambayi maigadi inda ake masa mai kyau a unguwar. Wanda ya zo Bauchi bai ci masa da miyar taushe ba, da sauran zuwa.

In ka samu na kirki, ka riƙe shi

Yanzu akwai wani ƙaramin gida da nake sauke baƙin Baba a ciki. Ba shi da kyan hoto, fentinsa ma ya koɗe. Amma sakatarsa tana aiki, injinsa yana tashi a lokacin da suka faɗa, kuma maigadin dattijo ne da ya san fuskar duk mai shiga. Ina gaishe shi da "Baba, ina kwana," in zan tafi in ba shi na goro. Ranar kasuwa shi ke buga mini ƙofa kafin kiran sallah, kuma akwai mai keke ɗaya da ya sani wanda yake kira mini. Ban sa sunan gidan a nan ba don kada ya zama talla, kuma wanda ya dace da ni mai zuwa Soro ba lallai ya dace da kai mai zuwa Gubi ba.

Kai ma in ka samu irinsa, ka karɓi lambar manaja da ta maigadi, ka riƙa komawa, ka turo 'yan'uwa su ambaci sunanka. A zuwa na uku za ka ga ana ajiye maka ɗaki da waya kawai, ana kuma jin kunyar a ba ka wanda famfonsa ya lalace. Bai kai fatoman iyayenmu ba, amma ya kama hanya.

Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi gida lafiya, Ya tsare mana amanar da ke hannunmu.